TAƘAITACCEN TARIHIN RAYUWAR BISHOP SAMUEL AJAYI CROWTHER (WAJEN 1809 ZUWA 1891)

A ranar murna irin ta Jubili ya kamata mu waiwaya baya, mu tuna da waɗanda suka share gona tun ba a haifi kakanninmu ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Bishop Samuel Ajayi Crowther, yaron da aka sayar a kasuwa kamar akuya, wanda daga baya ya zama baƙar fata na farko da aka naɗa bishop a Ikkilisiyar Angilikan. Shi ne kuma ya kafa tashoshin mishan na farko a mahaɗar kogin Kwara da Binuwai, wato ƙofar ƙasar Arewa. Ga taƙaitaccen tarihinsa.

HAIHUWARSA DA KAMUNSA

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a garin Oshogun cikin ƙasar Yarbawa, a yankin da ake kira Jihar Oyo a yau. A lokacin daular Oyo ta soma rushewa, yaƙi ya bazu ko'ina, maharan bayi kuma suna yawo suna ƙone garuruwa. Wata safiya a farkon shekara ta 1821, mutane na shirin karya kumallo, sai mahara suka kewaye Oshogun suka sa mata wuta. Aka kama Ajayi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu, aka ɗaura musu igiya a wuya. Mahaifinsa kuwa ya shiga cikin masu kāre gari, tun daga ranar Ajayi bai sāke ganinsa ba.

Ba a daɗe ba aka raba shi da uwarsa. Da farko aka yi musanyarsa da doki, amma da dokin bai gamshi sabon mai shi ba, sai aka mayar da ciniki. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, wani ya saye shi da kuɗi, wani da taba da barasa. Baƙin ciki da tsoron Turawan bakin teku suka yi masa yawa, har ya yi ƙoƙarin shaƙe kansa, amma Allah bai yarda ba. A ƙarshe ya faɗa hannun 'yan Fotugal masu fataucin bayi a Ikko, wato Legas, inda ya yi watanni a ɗaure da sarƙa.

A watan Afrilu 1822 aka loda shi tare da bayi sama da 180 a cikin wani jirgin ruwa mai suna Esperanza Feliz, za a ƙetare teku da su. Tun shekara ta 1807 Ingila ta haramta cinikin bayi, ta kuma sa jiragen yaƙinta suna sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma. Ran 7 ga Afrilu 1822, jirgin bai yi nisa da Ikko ba, sai jiragen Ingila biyu suka tare shi. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Myrmidon, yana ƙarƙashin Kyaftin Henry Leeke. Ajayi da sauran yaran ba su san ceto ne ya zo ba. Da suka ga naman alade a rataye da tarin harsasan igwa a cikin jirgin, sai suka ɗauka naman 'yan'uwansu ne da kawunansu. Sai da suka duba da kyau hankalinsu ya kwanta. A watan Yuni 1822 aka sauke su a Firitawun, ƙasar Saliyo, a matsayin 'yantattu.

KARATUNSA DA TUBANSA

Aka kai Ajayi ƙauyen Bathurst, aka danƙa shi ga malaman ƙungiyar mishan ta CMS. Yaron yana da kaifin basira ƙwarai, cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci. Ya kuma koyi aikin kafinta a hannun wani Bature mai suna John Weeks. Ran 11 ga Disamba 1825 Rabaran John Raban ya yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin coci a Landan wanda yake cikin kwamitin CMS.

A 1826 aka tafi da shi Ingila, ya yi 'yan watanni a wata makaranta a unguwar Islington. Da ya dawo a 1827, sai ya zama ɗalibi na farko da aka rubuta sunansa a makarantar Fourah Bay, wadda daga baya ta zama babbar kwalejin da ta horar da malamai da fastoci na Afirka ta Yamma. Ya auri wata yarinya mai suna Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka 'yanto ta, sunanta na baftisma Susan. Sun yi zaman aure na kimanin shekara 50. Bayan ya gama karatu ya yi aikin koyarwa a ƙauyukan Saliyo, yana kuma ƙara ilimi da kansa, har da harshen Helenanci.

TAFIYAR FARKO A KOGIN KWARA

A shekara ta 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jiragen ruwa uku masu tafiya da tururi, Albert da Wilberforce da Soudan, su hau kogin Kwara. Nufinsu shi ne su ƙulla yarjejeniya da sarakuna a daina cinikin bayi, a maye gurbinsa da noma da halaltaccen ciniki. CMS ta sa mutum biyu cikin tafiyar: Rabaran James Frederick Schön, wani Bajamushe mai nazarin harsuna, da Samuel Crowther.

Tafiyar ta zama makoki. Zazzaɓi ya kwantar da kusan dukan Turawan, sama da 40 daga cikin 145 suka mutu. Gonar gwaji da aka buɗe a wajen Lakwaja ba ta daɗe ba. Amma abu biyu masu amfani suka fito daga ciki. Na ɗaya, Schön ya duƙufa ga nazarin Hausa, ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, daga baya ya rubuta nahawu da ƙamus, ya kuma fassara waɗansu sassa na Littafi Mai Tsarki. Na biyu, shugabannin CMS suka gane cewa idan bishara za ta shiga cikin ƙasa, to, 'yan Afirka ne za su kai ta. Rahoton da Crowther ya rubuta game da tafiyar ya burge su sosai, suka kira shi Landan ya ƙara karatu. A 1843 Bishop na Landan ya naɗa shi dikin, sa'an nan firist. A wannan shekara kuma ya buga littafinsa na farko a kan harshen Yarbanci.

SADUWA DA MAHAIFIYARSA

A watan Janairu 1845 Crowther ya sauka Badagiri tare da Rabaran Henry Townsend da Rabaran C. A. Gollmer, domin su fara aiki a ƙasar Yarbawa. Yaƙi ya tare hanya, sai a watan Agusta 1846 suka samu shiga Abekuta. Bai cika wata guda a garin ba sai labari ya zo masa cewa mahaifiyarsa, Afala, tana da rai a wani gari kusa. Aka kawo ta. Bayan shekara 25 da rabuwa, uwa da ɗa suka rungumi juna suna kuka, mutane suka taru suna kallo. Ya kuma sami ƙannensa mata. A 1848 aka yi wa tsohuwar baftisma tana cikin masu bi na farko a Abekuta, aka sa mata suna Hannatu, domin ita ce uwar Sama'ila. Allah ya ja kwananta har ta ga ɗanta ya zama bishop.

A Abekuta ya ci gaba da babban aikin da ya fi ƙauna, wato fassara. Ya yi ta zama da tsofaffi da masu bautar gargajiya da Musulmi yana sauraron yadda suke magana, yana rubuta kalmomi da karin magana. Ya nace a riƙa sa alamomin hawa da saukar murya a kan wasula, domin a Yarbanci, kamar yadda yake a Hausa, kalma ɗaya takan sauya ma'ana idan murya ta sauya. Wasiƙar Romawa ta fito da Yarbanci a 1850, sauran littattafai suka biyo baya. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko tare da takardun da ya yi shekaru yana tarawa. Bai karaya ba, ya sāke farawa. Da taimakon abokan aikinsa aka kammala dukan Littafi Mai Tsarki da Yarbanci a 1884.

A 1851 ya je Ingila ya gana da Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albert a fadar Windsor. Ya bayyana musu yadda cinikin bayi yake gudana a Ikko, ya kuma karanta musu Addu'ar Ubangiji da Yarbanci.

MAGANIN KWININ DA BUƊEWAR KOGI

Abin da ya hana Turawa shiga cikin ƙasa shi ne zazzaɓi. A wancan zamani ba wanda ya san sauro ne yake kawo shi, ana zaton mugun iskan fadama ne. Amma an san ɓawon wani itace mai suna sinkona, da ke tsirowa a duwatsun Amurka ta Kudu, yana maganinsa. A 1820 waɗansu masana biyu 'yan Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin da ke cikin ɓawon, shi ne kwinin.

A 1854 wani attajiri mai suna Macgregor Laird ya shirya jirgi mai suna Pleiad domin ya hau Kwara da Binuwai. Wanda aka zaɓa ya shugabanci tafiyar, John Beecroft, ya rasu kafin a tashi, sai shugabanci ya koma hannun wani likita, Dokta William Balfour Baikie. Crowther yana cikin tafiyar. Baikie ya sa Turawan jirgin su riƙa shan kwinin kowace rana tun ba su kamu da ciwo ba. Suka hau Binuwai, suka ratsa ƙasar Tibi da ta Jukun har suka kai ƙasar Muri, suka yi kusan wata huɗu a kan kogi, suka dawo ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Wannan ya tabbatar wa duniya cewa rigakafi da kwinin yana aiki. Sai a 1897, bayan rasuwar Crowther, Dokta Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin cikin sauro. Buɗewar kogin ta kawo bishara da makaranta, amma ta wannan hanya ɗin kuma kamfanonin Turawa da barasa da bindigoginsu suka shigo, daga baya mulkin mallaka ya biyo.

MISHAN NA KOGIN KWARA

A 1857 Crowther ya sāke hawa kogi tare da Baikie a jirgi mai suna Dayspring, wannan karo domin kafa aiki. Ya ajiye Rabaran J. C. Taylor, wanda iyayensa Ibo ne da aka 'yanto a Saliyo, a Anaca. Ya buɗe tasha a Gbebe kusa da mahaɗar kogunan biyu. Da suka kai wajen Jebba, jirgin ya bugi dutse ya farfashe. Suka yi kusan shekara guda a bakin kogi suna jiran wani jirgi. Crowther bai zauna banza ba, ya yi ta koyon Nufanci yana ziyartar garuruwan Nufawa. Daga baya ya buga littafin nahawu da kalmomin Nufanci a 1864, kamar yadda ya buga littafin koyon karatun Ibo a 1857.

A 1862 aka yi baftisma ta farko a Gbebe. A 1865 aka kafa tasha da makaranta a Lakwaja. A can kudu kuma, a bakin teku, aka buɗe aiki a Bonny da Brass. Abin lura shi ne, kusan dukan ma'aikatan wannan mishan baƙaƙen fata ne, yawancinsu 'yantattun bayi ko 'ya'yansu daga Saliyo.

NAƊA SHI BISHOP

Babban sakataren CMS na lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa ikkilisiyar kowace ƙasa dole ta tsaya da ƙafafunta: ta riƙe kanta da kuɗinta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Saboda haka ya nace a naɗa Crowther bishop. Waɗansu Turawan mishan, musamman Townsend, suka ƙi, ba su yarda su zauna ƙarƙashin baƙar fata ba. Crowther kansa ya yi ta nuna bai cancanta ba, sai da Venn ya matsa masa. Ran 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi bishop a babbar majami'ar Kantabari, Jami'ar Oksfod kuma ta ba shi digirin dokta. Cikin taron akwai Henry Leeke, wanda ya cece shi daga jirgin bayi shekara 42 da suka wuce, da matar marigayi Weeks wadda ta san shi tun yana yaro a Saliyo. Hausawa sun yi gaskiya, zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Amma an ƙayyade masa iyaka. Yankinsa shi ne ƙasashen Afirka ta Yamma da ke wajen mulkin Sarauniya, Turawan mishan da ke Ikko da Abekuta kuwa aka bar su ƙarƙashin bishop Bature na Saliyo.

ZAMANSA DA SARAKUNA DA MUSULMI

Bishop Crowther mutum ne mai tawali'u da ladabi. Ya ƙulla abuta da Etsu Masaba na Nufe, yakan ziyarce shi a Bida, da izininsa kuma aka yi aiki a Lakwaja. Tun yana Saliyo ya lura cewa gardama da zagin addinin wani ba ya jawo kowa. Saboda haka yakan ba sarakuna da malamai kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, idan suka yi masa tambaya sai ya buɗe Littafin ya karanta musu amsa, ba tare da cin mutunci ba. Haka ya yi a fadar Sarkin Ilori a 1872, aka rabu cikin girmama juna. Amincin da ke tsakaninsu ya kai har Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa da Hausa, yana roƙonsa ya isar wa Sarauniya ta hana shigo da barasa ƙasar Nufe domin tana lalata jama'arsa.

Ba kullum tafiya take da daɗi ba. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama shi da ɗansa Dandeson a wajen Idah, ya nemi kuɗin fansa. Wajen kuɓutar da su aka harbi mataimakin jakadan Ingila, William Fell, da kibiya mai dafi, ya mutu. A Bonny kuma masu bi sun sha tsanani, har aka kashe wani bawa mai bi, Joshua Hart, a 1875, saboda ya ƙi cin abin da aka yi hadaya da shi.

KWANAKIN BAƘIN CIKI

Henry Venn ya rasu a 1873, matar bishop, Susan, ta rasu a 1880. Zamani kuma ya juya. Turawa suka shiga rububin raba Afirka, ra'ayin raina baƙar fata ya yi ƙarfi har cikin ikkilisiya. Kamfanin Turawa da ya mamaye cinikin kogi bai so ganin 'yan Saliyo a wurin ba.

Gaskiya ne akwai kurakurai a mishan ɗin. Tashoshi suna nesa da juna, bishop ya tsufa, yakan daɗe a Ikko, albashin ma'aikata kaɗan ne, har waɗansu suka shiga ciniki, waɗansu kuma suka faɗa cikin mummunan zunubi. Crowther mai taushin zuciya ne, ya fi son ya yi wa mai laifi gargaɗi ya ba shi zarafin tuba da ya kore shi. Amma maimakon a taimake shi, sai aka yi ta zare masa iko kaɗan kaɗan. A 1890 waɗansu samarin Turawa masu zafin himma suka zo, cikinsu akwai Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, waɗanda suka zauna Lakwaja da nufin shiga ƙasar Hausa, da kuma F. N. Eden. A taron kwamiti da aka yi a Anaca cikin watan Agusta 1890, suka tuhumi ma'aikatan Afirka, aka kori waɗansu, aka dakatar da waɗansu, har da Dandeson ɗan bishop, a gaban idon mahaifinsa. Dattijon da ya haura shekara 80 ya sauka daga shugabancin kwamitin, bai rama da zagi ba. A 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891.

Samarin nan ma ba su kai ƙasar Hausa ba. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke kuma a 1892. Ikkilisiyoyin bakin teku suka ware a 1892 ƙarƙashin jagorancin Dandeson, suna riƙe kansu da kuɗinsu, sai bayan 'yan shekaru aka sasanta. Bature aka naɗa a gurbin Crowther, aka kuma yi kimanin shekara 60 kafin a sāke ba ɗan ƙasa riƙon dayosis a Nijeriya.

ABIN DA YA BARI

Irin da ya shuka bai mutu ba. Bishop Herbert Tugwell, ɗaya daga cikin magadansa, shi ne ya jagoranci tafiya zuwa Kano a 1900 tare da Dokta Walter Miller, wanda daga baya ya zauna Zariya, ya kuma yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Jikan Crowther ta wajen 'yarsa Abigail, wato Herbert Macaulay, ya zama ɗaya daga cikin iyayen gwagwarmayar neman 'yancin Nijeriya. A 2005 aka buɗe jami'a mai sunansa a garin Oyo. A watan Yuni 2014 kuma, wajen bikin cika shekara 150 da naɗa shi, Akbishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya fito fili ya nemi gafara saboda wulaƙancin da aka yi masa.

'Yan'uwa, akwai darasi a gare mu cikin rayuwar wannan bawan Allah. Ya daraja harshen uwa, ya yarda cewa kowane mutum ya cancanci ya ji Maganar Allah da harshen da aka yi masa reno da shi. Ya zauna lafiya da maƙwabtansa Musulmi ba tare da ya ɓoye bangaskiyarsa ba. Ya sha zalunci a hannun waɗanda ya kira 'yan'uwa, duk da haka bai bar aikin ba. Tarihinsa kuma gargaɗi ne ga shugabanni: a kula da ma'aikatan da ke ƙauyuka masu nisa, a biya su hakkinsu, a tsauta wa mai laifi da wuri, kada kuma samari su raina furfura, ko wani ya raina wani saboda launin fata ko ƙabila.

Ubangiji ya ba mu alheri mu riƙe amanar da aka bar mana, mu kuma miƙa ta ga 'ya'yanmu da jikokinmu. Amin.